Takardar Zaharadeen

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina buga wa mutane takardu a ɗan shagona na Adjamé Liberté a birnin Abidjan, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da gilashin ido. Kwamfuta biyu gare ni, da firinta mai taurin kai, da injin fotokwafi wanda in ya yi zafi sai na tsaya ina yi masa fifita da kwali. Sunana Haulatu, amma a layin nan Tanti CV ake ce mini, domin rabin abincina daga takardar neman aiki yake fitowa.

Kuma na san aikina, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Malamin makaranta ko mai son aikin banki, shekaru nake jera masa, na bayan nan a sama, da takardun karatunsa reras, domin su mai ɗaukar aiki zai fara dubawa. Direba in ya zo, lasisinsa nake sa wa a gaba, da irin motocin da ya tuƙa da hanyoyin da ya sani. Wa ya damu da firamaren da ya yi? Mai ɗinki ko mai zanen talla kuwa, nakan ce ta kawo hotunan aikinta, rubutu kaɗan ya isa. Mutane suna tasowa tun daga Abobo da Yopougon su zauna a bencina su ji maganata. 'Yan gidanmu ne kawai ba sa ji.

A danginmu CV guda ɗaya ne tak, na Zaharadeen ɗan kawunmu. Shekara goma sha uku da suka wuce ya nemi aiki da shi a banki aka ɗauke shi, tun daga ranar tsofaffin gida suka yanke hukuncin cewa takardar nan tana da albarka. Duk wanda zai nemi aiki sai a je a karɓo ta, a goge sunan Zaharadeen a sa nasa. Har kwat ɗin da ya ɗauki hoto da ita ake aro, wata mai ruwan toka. Na ga kwat ɗin nan a jikin maza shida, dogaye da gajeru. Biyu daga cikinsu sun samu aiki, akawu ɗaya da malamin lissafi ɗaya, domin dama irin takardar da ta dace da su ke nan. Sauran huɗun aka ce ba rabonsu ba ne. Sun san in suka kawo mini zan yi faɗa, shi ya sa can Treichville suke kai wa wani mai shago ya canza musu sunan a ɓoye.

Na daɗe da zuba musu ido, har ranar da abin ya biyo ta kan Yaya Abdulbaqi.

Yaya shi ne babbanmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Aji shida ya tsaya a makaranta, aka miƙa shi ga kawunmu Alhaji Badaruddeen, mahaifin Zaharadeen ɗin, wanda yake shigo da fulas da kwanuka da tukwane ta tashar jiragen ruwa, wadda mu a nan muke kira por. Shekara talatin da ɗaya Yaya yana tare da shi. Bana idon Alhaji ya yi rauni, 'ya'yansa kuma duk 'yan ofis ne, ba mai son kwali da ƙura, sai ya rufe harkar ya koma Kano. Da zai tafi ya ce wa Yaya ya tattara iyalinsa ya biyo shi, ya tanadar masa rumfa a can. Yaya ya roƙi a ba shi zuwa ƙarshen Nuwamba, in bai samu abin yi a Abidjan ba zai taho.

Wata Laraba da azahar 'yarsa Yasmin ta shigo shagona da kayan makaranta, ta tsaya sai da na sallami mai fotokwafi, sannan ta zaro takarda daga cikin littafi.

"Tanti, ki ajiye mini wannan a wurinki. A gida za ta ɓace."

"Ta mece ce?"

"Rajistar BAC, jarrabawarmu ta gama sakandare. An ce mu cike mu mayar kafin ƙarshen wata."

Na karɓa na duba. Ta cike komai da rubutunta mai kyau, wuri biyu kawai ta bari: gurbin aikin uba, da inda uban zai sa hannu.

"Me kike jira?"

"Papa ya ce kar in mayar tukuna." Ta kawar da kai tana kallon firinta. "Maman ta sayo jakunkuna huɗu, manyan nan, Gana-mas-go. Har ta fara zuba kayan da ba a sawa kullum."

Yarinyar nan a Treichville aka haife ta, duk karatunta da Faransanci ta yi, Hausarta ma sai ta cakuɗa da shi take fita. Wata bakwai ya rage ta rubuta jarrabawar da za ta kai ta jami'a, kuma a lissafi ba wanda ya kamo ƙafarta a ajinsu. In aka kwashe ta zuwa Kano yanzu, Turanci za ta fara daga tushe, a mayar da ita baya aji biyu ko uku, in ma an samu makarantar da za ta karɓe ta a tsakiyar shekara. Shekara goma sha uku na karatu za su tsaya cak saboda wata bakwai.

"Babanki bai nemi aiki ba ne?"

"Ya nema wuri uku, Tanti. Ba wanda ya kira."

"Da wace takarda?"

Ta fara laluben wayarta. Na sake tambaya.

"Ta Tonton Zaharadeen."

Tsakin da na ja sai da mai gyaran waya ya leƙo. Ta nuna mini hoton takardar a wayarta. Ga Yaya a sama cikin kwat mai ruwan toka, hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba. Ƙarƙashinsa babban kan magana na ilimi, inda Zaharadeen ya jera takardun karatu shida. Yaya layi ɗaya gare shi a wurin, shaidar firamare, sai fari fat har tsakiyar shafi. Wurin aiki ma layi ɗaya, wai ɗan kasuwa, 1994 zuwa 2025. Can ƙasa kuma mai shagon bai ko damu ya goge na Zaharadeen ba. An ce burin Yaya shi ne ya ci gaba a harkar banki, kuma abin da yake so a lokacin hutu shi ne iyo. Yaya, wanda ko jirgin fasinjan da ke tsallaka ruwa zuwa Plateau ba ya yarda ya shiga!

Na jefa takardar Yasmin a durowa na kulle, na rufe shago tun la'asar ba ta yi ba, muka hau woro-woro, tasin nan na haɗaka, zuwa gidan Yaya a unguwar Belleville ta Treichville.

Mun tarar da Yaya a tsakar gida yana gyaran ƙafar fanka. Jakunkunan suna jingine da bango, biyu sun ɗan kumbura. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi gida, sannan na tambaye shi ko da sauran wurin da bai gwada ba. Ya ce akwai wani kamfani kusa da por, masu fitar wa 'yan kasuwa kaya su ajiye musu a sito, suna neman wanda zai riƙe sitonsu. Ranar Litinin za su rufe karɓar takardu. Har ya sa ta Zaharadeen a ambulan.

"Yaya, bari in yi maka wata. Faɗa mini abin da ka iya kawai, ni zan tsara."

"Me na iya? Aikin Alhaji ne. Aikena ake yi in je."

"Wa ke zuwa por a fito da kaya?"

"Mukan je."

"Ku wa?"

Ya ajiye sukudireba. "Haulatu, so kike in zauna ina cewa na iya kaza, na iya kaza, kamar maroƙin da ya rasa wanda zai wasa ya koma kan kansa? Dukiyar Alhaji ce, sunan Alhaji ne. Ban taɓa jin inda mutumin kirki ya yabi kansa a takarda ya kai wa baƙi ba. Ita wannan ɗin kuma an ga albarkarta."

Na yi niyyar yin haƙuri, Allah ya sani. Amma bakina ya riga ni.

"Albarkarta ce ta mayar da kai gwanin iyo?"

"Iyo kuma?"

Na sa Yasmin ta karanta masa ƙasan takardar ta fassara. Matarsa Ummul-Khairi tana kicin, na ji ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Yaya bai yi dariya ba. Fuskarsa ta canza, ya karɓi wayar ya ƙura mata ido.

"Wato ƙarya aka yi da sunana? Wuri uku na kai ƙarya da hannuna?"

Abin mamaki, rashin aikin bai taɓa shi kamar yadda wannan ya taɓa shi ba. Ya tashi ya zaro takardar daga ambulan ya ninke ta ya sa ƙarƙashin tabarma. Na ɗauka na ci nasara, na buɗe littafina na ce to mu fara. Sai ya girgiza kai.

"Wannan na bar ta. Amma ni dai ba zan yabi kaina ba. Ki rubuta abin da kika gani da idonki, ko abin da wani ya shaida. Daga bakina ba za ki ji ba."

Ya faɗi haka ne don ya kashe maganar, domin ya san ban taɓa taka por ba. Na ce masa to, na ji. A hanyar komawa Adjamé, muna kan gada, na tuna wata mita da Ummul-Khairi ta daɗe tana yi, cewa duk Juma'a abincin Yaya sai ya huce, ana idar da salla ƙarfe biyu amma ba ya shigowa gida sai kusan la'asar.

Ranar Juma'a na yi sallata a sashen mata na babban masallacin Treichville, na yi sauri na fito na tsaya a inuwar wata mai sayar da zoɓo da lemun citta, littafi da biro a hannuna. Daga ƙofar masallaci zuwa bakin titi bai fi taku hamsin ba. Yaya ya yi awa ɗaya da minti goma kafin ya gama su, na duba agogo.

Yana saka takalmi wani Bajule, ɗan ƙabilar Jula 'yan kasuwa, ya tare shi da damin takardu. Yaya ya buɗe, ya juya shafi biyu, ya ɗora yatsa a wani wuri yana magana da Julanci. Mutumin ya dafe kai ya yi godiya ya juya. Na sha gabansa.

"Sannu, Ladji. Me ka tambayi wancan mutumin?"

Ya kalle ni sama da ƙasa. Na ce ƙanwarsa ce ni. Sai ya saki fuska, ya ce kayansa ne kwastan suka mayar masa da takardu har sau biyu, wakilinsa ya kasa gane dalili, Abdulbaqi kuwa kallo ɗaya ya yi ya ga hatimin da babu. Na rubuta, na karɓi sunansa da lambarsa.

Kafin in dawo inuwa wani Bakano sabon zuwa ya riga ya kama hannun Yaya. Shi kuma so yake ya san kwalin fulas nawa kwantena mai ƙafa arba'in za ta ɗauka. Yaya ya tambayi tsawon kwalin da faɗinsa da tsayinsa, ya ɗan kalli sama, ya faɗi adadi, ya ce amma ya rage goma saboda bakin ƙofa. Mutumin ya danna wayarsa ya danna, ya ɗago yana murmushi. Na bi shi shi ma. Bayansa wani ya miƙo waya da saƙon murya daga mai sayar masa da kaya a ƙasar Sin, Turanci ne wanda ni ko kalma uku ban kama ba. Yaya ya saurara sau ɗaya, ya danna ya mayar da amsa da Turancinsa na kasuwa.

Maza suna ta kallona, mace da mayafi tana bin mutane da littafi kamar 'yar ƙidaya. Ko a jikina. Mai zoɓon ma ta shiga aikin, tana nuna mini da baki wanda ya gama magana don kar ya kuɓuce.

Wani direban babbar mota, Sidiki, shi ya fi kowa ba ni labari. Ya ce shekara goma sha biyar yana ɗaukar kayan Alhaji zuwa Bouaké da Korhogo har Bamako, kuma bai taɓa ganin Alhaji a wurin lodi ba. Abdulbaqi ne ke tsara wace mota za ta ɗauki me, shi ke ƙirga kaya a shiga da fita, shi ke riƙe ma'aikatan sito su goma sha biyu.

"Kwali ɗaya bai taɓa ɓata tsakanina da shi ba," in ji Sidiki. "Ki rubuta haka, ki sa sunana. In suna so su kira ni."

Na koma inuwa na sayi zoɓo na kasa sha. Kunya ce ta kama ni. Ni da nake tutiyar sanin aikin kowa, shekara talatin ina ɗaukar ɗan'uwana ɗan aike, domin haka yake cewa da bakinsa, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ya hango ni daga nesa da littafina, ya gane abin da nake yi, ya kawar da kai kamar bai san ni ba.

Asabar da safe na ƙi karɓar aikin kowa. Takardar Yaya ba irin ta banki ba ce, ba kuma irin ta direba ba. Mutum ne mai aiki ɗaya tal a rayuwarsa, amma aikin ya cika fal, karatun kuma kaɗan. In ka jera masa shekaru ka kashe shi, layi biyu za ka samu. Sai na juya tsarin. Suna da lamba a sama, da hotonsa cikin rigarsa shuɗiya ta Juma'a da hularsa. Ƙarƙashi jimla ɗaya, cewa shekara talatin da ɗaya yana karɓar kaya daga por zuwa sito, daga sito zuwa cikin ƙasa. Daga nan abubuwan da ya iya suka cinye rabin shafin: takardun kwastan, lissafin lodin kwantena, ƙirgar kaya da tsaron sito, tsara motoci, riƙe ma'aikata goma sha biyu. Harsuna huɗu: Hausa da Julanci, sai Faransanci da Turanci irin na kasuwa. Sai wurin aikinsa, sai firamarensa a ƙasa, layi ɗaya, ba ɓoyewa ba kuma talla. Na rufe da sunayen mutum uku da lambobinsu. Na buga kwafi biyu, a jikin ɗaya na bi kowane layi da fensir na rubuta sunan wanda ya faɗa.

Lahadi na kai masa. Yasmin ta karanta tana fassarawa, shi yana zaune yana kallon yatsun ƙafarsa. Da ta zo inda na ce yana fitar da kwantena ɗari a shekara, ya ɗaga hannu.

"Wa ya ce ɗari?"

"Sidiki."

"Sidiki akwai ƙari. Tamanin ne, shekarar da kasuwa ta yi kyau casa'in."

Na goge na sa tamanin. Ta ƙarasa karatun. Ummul-Khairi ta fito ta tsaya a bakin kicin da ludayi a hannu.

"Kowane layi da mai shaida?" Yaya ya tambaya.

"Ga sunayensu nan da fensir. Kai ba ka ce komai ba, Yaya. Su suka faɗa, ni na buga."

Ya daɗe yana juya takardar. Can ya rage murya, ya ce ko za a sa ta Zaharadeen ɗin ma a bayan wannan, a cikin ambulan ɗaya, a goge maganar iyon kawai. Na ce in ya sa ta, ni da kaina zan je kamfanin in ce musu su gwada shi a ruwa. Ya harare ni, amma ya bar ta ƙarƙashin tabarma.

Litinin ya kai ta kamfanin. Talata shiru, Laraba shiru. A nan bakina ya mutu. Na fara tunanin ko kamfanin irin masu duba takardar karatu ne su jefar da saura, ko hoton da hula ya ɓata musu rai, ko na cika shafin da yawa. Har na kama kaina ina tunanin ko da gaske takardar can tana da wani abu, ni Haulatu da hankalina. Duk buɗe durowa da zan yi in ɗauko abin maƙala takarda sai na ga rubutun Yasmin. Alhamis Ummul-Khairi ta kira ni ta ce Alhaji ya bugo daga Kano yana tambayar ranar da za su taso, ita kuma ta fara cika jaka ta uku. Ba ta zarge ni ba, amma na ji tsoro ƙwarai, domin ni na ƙwace musu abin da suka yarda da shi, kuma wannan ce dama ta ƙarshe.

Juma'a da safe aka kira shi, aka ce ya zo Talata. Talatar nan saura kwana uku a rufe karɓar takardar Yasmin.

Ranar ban yi aikin kirki ba. Na buga wa wani wasiƙa da sunan wani, sai da na sake. Wajen ƙarfe uku ina tsaye ina yi wa injin fotokwafi fifita sai ga Yaya a bakin ƙofa da rigarsa shuɗiya. Ya yi sallama, ya zauna a benci, ya fara gaisuwa. Ya tambayi aiki, ya tambayi maigidana, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har ya tambayi mai gyaran waya. Ni kuwa ina tsaye riƙe da kwali.

"Yaya, don girman Allah!"

"To, an je dai."

Da ƙyar na riƙa ciro maganar daga bakinsa. Wata Madam ce ke ɗaukar ma'aikata. Ta ce masa takardu sun fi sittin a teburinta, mafi yawa na yara masu digiri, amma tasa ce ta fara da abin da ke damunta. Ta riga ta kira Sidiki da Ladjin nan Bajule tun ranar Alhamis. Ba ta tambaye shi makaranta ba ko sau ɗaya. Wani dosiye, wato fayil ɗin takardu, ta ɗauko ta ajiye a gabansa, na kwantenar da ta yi kwana tara a por an kasa fitarwa, ta ce ya duba.

"Sai me?"

"Ba komai. Nauyin da ke takardar jirgi daban, wanda ke takardar jerin kaya daban. Kowa zai gani."

"Kowa zai gani shi ne ta yi kwana tara? Yaya, sun ɗauke ka ko ba su ɗauke ka ba?"

Ya sa hannu a aljihu ya zaro takarda mai hatimi ya miƙo mini. Litinin zai fara, ɗaya ga wata, gwajin wata uku.

Na zauna a kan kwalin takardu. Na ce alhamdulillahi ban san sau nawa ba. Wani nauyi da na yi mako biyu ina ɗauke da shi ya sauka gaba ɗaya, har na ji yunwa, sai lokacin na tuna ban ci komai ba tun safe. Hawaye suka zubo mini, na bar su, ban ko goge ba.

Ina cikin haka wayata ta yi ƙara. Gwaggonmu ce daga Belleville, labari har ya kai mata. Bayan barka da arziki sai ta ce in taimaka in buga mata kwafin takardar Abdulbaqi, jikarta ungozoma za ta nemi aiki a asibiti, a canza suna kawai, tunda an ga wannan ta fi waccan albarka. Na rufe ido na ja numfashi. Na ce mata ta turo mini yarinyar da kanta gobe, da takardunta na makaranta da sunayen asibitocin da ta yi horo, kuma kar wanda ya je aron rigar Yaya.

Yasmin ta shigo da gudu, ashe uban ya kira ta tun a hanya ya ce ta same shi a shagona. Ta kalle shi, ta kalle ni da jiƙaƙƙiyar fuska, ta tsaya cak, ta ɗauka abin ya ɓaci. Na buɗe durowa na ɗauko takardarta na shimfiɗa a kan tebur, na ɗora biro a kai.

Ta rufe baki da hannu biyu. Da ta samu ta zauna, ta jawo takardar kamfanin ta duba sunan aikin, ta kai biro gurbin aikin uba.

"Ki sa ma'aikaci kawai," in ji Yaya. "Ba sai an ce shugaba ba."

"Non, Papa. Shugaban sito aka rubuta a nan, ga hatimi. Ba kai ka faɗa ba, su suka faɗa."

Ta rubuta a hankali, harafi bayan harafi, ta tura masa. Ya karɓi biron, ya dafa takardar da ɗaya hannun, ya sa hannu. Yasmin ta hura wa tawadar iska ko da yake biro ne, ta sa takardar a tsakiyar littafin lissafi, ta ce ofishin makaranta sai ƙarfe biyar yake rufewa, in ta samu mota yanzu za ta kai. Na ce ai da sauran kwana uku. Ta ce ba za ta sake kwana da ita ba. Muka bi ta da kallo tana ratsa masu talla har ta sha kwana.

Yaya ya nemi ruwa, na ba shi, ya shanye kofi biyu. Ya jingina da bango ya miƙe ƙafafu, abin da ban taɓa ganin ya yi a shagona ba. Ya daɗe a haka yana kallon titi.

"Haulatu," ya ce, "jakunkunan nan guda huɗu, kina da abin da za ki zuba a ciki?"

Na ce ya bari a kwashe kayan a mayar da su inda suke, sannan ya aiko mini da su. Ina da tsofaffin takardu da yawa da suka tare mini wuri.